Ranar da Binta ta ce in matsa baya

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Ina gaishe ki. Ya gida, ya yara, ya jikin maigidan? Mu nan Kankiya lafiya lau, sai kewarki.

Har yanzu ni ce mataimakiyar mai koya wa 'yan matan kwaleji wasan tsalle da alkafura. Aikina in tsaya bakin katifa, in yarinya ta kuskure in taro ta. Shekara biyu ina fama da Binta, wata 'yar ƙauyen Bauranya mai tsoron tsiya. Ba ta juyawa sai ta ji hannuna a bayanta.

Ranar Laraba ta ce, "Malama, ɗan matsa baya." Ta yi alkafura ta dira cak. Ɗaki ya ɗau shewa, ni kuwa ga hannuwana a miƙe, ba kowa a ciki.

Jiya su Binta suka tafi gasa Katsina da babbar malama. Mota ta cika, aka ce in zauna. Na jera katifu, na rufe ɗakin. Sai na tuna yadda kike taro ni a yashin rafi muna yara, kuma ban taɓa gode miki ba.

Ki gaida yara. Ki sa Binta a addu'a, ni kuma ki kira ni, ko minti ɗaya ne.

Ƙanwarki,
Hadiza