Ƙofar da Ba Ta Buɗuwa Sai da Mutum Biyu

Samaru, Zariya
Lahadi da yamma

Yohanna nawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana hutawa a wurin Ubangiji. Na san babu mai kai maka wannan takarda. Ko kana raye ma cewa za ka yi in karanta maka da baki, don kai da rubutun hannuna ba ku taɓa shiri ba. Duk da haka zan rubuta, saboda abin da ya faru yau kai ya kamata ka fara ji.

Bari in soma da labarin gida. Mama, mahaifiyarka, tana nan Bomo lafiya, sai ƙafar nan da ke damunta in damina ta sauka, kuma har yanzu ta ƙi barin gonar masara. Ni ina nan ina koyarwa, an mayar da ni aji huɗu. Ɗaliban jami'a sun cika gidan hayarmu, kiɗa ba hutu. Gwaibar da ka rantse ba za ta yi ba ta yi 'ya'ya bana, ka ga ni ce da gaskiya.

Yohanna, na kunna gem ɗinmu, wasan nan na talabijin.

Tun da aka kai ka makwancinka na naɗe na'urar cikin tsohon zanena na zumuntar mata, na tura ƙarƙashin gado. Ka tuna ranar da ka sayo ta a kasuwar Sabon Gari, ka rungumo ta cikin adaidaita kamar jariri? Na ce babba da kai, har da gemu, za ka zauna wasan yara. Sai ka miƙo min fad na biyu, abin riƙewar nan mai maɓallai, ka nuna min inda ake dannawa. Kafin wata ya ƙare ni ce mai ƙona miya.

Kai ka zaɓi gajeren nan mai gatari da tukunya a baya, ka sa masa suna Ɗan Bomo. Ni na ɗauki doguwa mai kwari da baka, ka kira ta Malama. Kowace Lahadi bayan sujada, in masu wuta sun yi mana adalci, sai mu shiga ƙasar nan mai dazuzzuka da dodanni. Ni ina sauri in ga gaba, kai kana buɗe kowane akwati kana tsintar cokula. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ruwa. Ba ka taɓa ganin rafi ka wuce ba, sai ka tsunduma Ɗan Bomo a ciki, ka yi ta iyo, ni ina bakin gaɓa ina mita ka fito.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Mitar nan ta baki ce kawai. In ka shiga ruwa ba talabijin nake kallo ba, fuskarka nake kallo. Mutumin da sikila ta hana shi ƙwallo, ta hana shi wanka da ruwan randa, wanda yayyafi kaɗai ke kai mu gadon asibiti, ga shi yana nutso cikin ruwa mai ƙanƙara yana dariya. Nan ne kaɗai na ga jikinka ya bar ka ka yi yadda kake so. Me ya hana ni gaya maka? Na ɗauka akwai lokaci.

Lahadinmu ta ƙarshe muka isa ƙofar dutsen nan. Ka tuna? Ƙafa biyu ce ta ƙarfe irin ta keke ke buɗe ta, ɗaya a dama ɗaya a hagu, sai kowa ya juya tasa a lokaci guda, dodanni kuma suna ta zuba. Ka ce macijin nan mai aman wuta ne a bayanta, ni na ce zinariya ce. Sai bayanka ya fara sara, ka ce mu bari sai mako mai zuwa, ka sa na yi alkawari ba zan leƙa intanet in ga amsa ba. Ban leƙa ba. Damina uku ke nan, ban leƙa ba.

Yanzu ga maganar da nake ta kewayewa. Ka san Istifanus, mai sayar da kayan keken ɗinki a Sabon Gari, wanda kake cewa in ya ɗauki waƙa a ƙungiyar mawaƙa sai bencin coci ya girgiza. Ya nemi aurena tun Ista. Mutum ne mai haƙuri, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina son sa. Mama da kanta ta zaunar da ni, ta ce ba za ta zuba ido in tsufa ina gadin ɗaki ba. Amma duk ranar da na buɗe baki zan amsa masa, sai in ji kamar zan bar ka a tsaye a wani wuri ni in wuce.

Shi ya sa na jawo na'urar. Tana kunnuwa na gan ka, wato Ɗan Bomo, daidai inda ka ajiye shi. Da ya ga ba a taɓa shi ba sai ya zauna a ƙasa yana sosa gemu, kamar mai jiran wani ya dawo daga kasuwa. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Na gwada buɗe ƙofar ni kaɗai, fad ɗina a hannu, naka a ƙarƙashin ɗan yatsan ƙafa. Da ka gan ni da ka yi dariya har ka ƙware. Ba ta buɗu ba. Waɗanda suka ƙera ta ba su yi tunanin gwauruwa ba.

Yau bayan sujada na fito da talabijin baranda, don kada maƙwabta su sami abin faɗa, na miƙa wa Istifanus fad ɗinka mai ɗaurin salatif. Sai da ya tambaye ni ko na tabbata. Yohanna, bai iya ba ko kaɗan! Yatsunsa manya, ya kai Ɗan Bomo ya buga da bango, ya jefa shi rami, ya sare ni da gatarinka. Raina ya ɓaci, na daka masa tsawa ya juya ƙafar, kuma da sunanka na kira shi. Ya ji. Bai dube ni ba, bai ajiye fad ɗin ba, ya ci gaba da juyawa yana gumi.

Sai ta buɗe.

Duk ba mu canka daidai ba, ni da kai. Ba maciji, ba zinariya. Hanya ce ta gangara zuwa wani tafki mai faɗi, ruwansa garau, duwatsu masu ƙanƙara sun kewaye shi. Ba ƙarshen wasan ba ne, hanyar ta ci gaba ta gefensa. Amma na kasa motsa Malama. Mako guda ya rage ka ga wannan, Yohanna. Mako guda kawai. Na roƙi Istifanus ya kai ka cikin ruwan. Bai tambayi dalili ba, ya bi da kai a hankali har ka fara iyo. Nan na adana wasan.

Na gaya masa Ɗan Bomo ya gama tafiya. In yana so ya bi ni, sai ya ƙirƙiri nasa mutumin, mu koma can farko da sandar itace, ni zan koya masa. Ya gane amsar da na ba shi. In an gama girbi mutanensa za su je gidan Babana neman aure, amma sai sun fara biyawa ta Bomo sun gaida Mama.

Ina kewarka, kuma ba na jin zan daina. Fasto ya ce inda kake babu ciwo, na kuwa yarda. To yi ta iyonka, maigidana. Ruwan da sanyi sosai, kuma wannan karon ba zan ce ka fito ba.

Sai mun sadu.

Taka,
Rifkatu, Malamarka mai kwari da baka