Allon Jirgin Baba

Illela, 9 ga Satumba

Yaya Uzair,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya Ibadan, ya aiki? Mu nan sai godiya.

Tun da aka katse layin waya a garin nan ban ji muryarka ba. Layin Nijar yana kamawa a bakin boda, amma ba na iya barin Baba shi kaɗai in tafi can. Shi ya sa na ba Mukhtar direban motar albasa wannan takarda, ya ce ya san shagonka.

Injin motsa jikin nan da ka aiko ne ya sami matsala, wanda ake zama a kai ana jan sarƙa kamar mai tuƙa kwale-kwale. Baba ya raɗa masa suna jirgi. Shi injin lafiya lau yake, ɗan allon da ke nuna nisan da mutum ya tuƙa ne ya mutu. Ranar Talata lambobin suka dusashe, ranar Laraba ya ɗauke gaba ɗaya. Na danna kowane maɓalli, shiru.

Kada ka ga abin ƙarami. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye a watan azumi, ba abin da ya sa Baba dariya sai allon nan. Kullum bayan karin kumallo yana tuƙi na minti goma kamar yadda likita ya ce, in karanta masa lamba. Ya fara da mita ɗari tara, ya kai dubu da ɗari uku. Ya yi wa kansa alkawari, ranar da ya kai dubu da ɗari biyar zai koma rumfarsa a kasuwar Lahadi. Yanzu kwana huɗu ke nan bai hau ba. Na ce ya hau haka nan, ya ce, "In babu lamba, mi ni ka yi bisa ƙarhe?" Ya koma tabarma ya juya wa ƙofa baya.

Har yau yana zaton mijina Lukmanu ne ya sayo injin a Kwanni, tsallaken boda. Ban gaya masa kai ne ba, kamar yadda ka roƙa.

Ka rubuto mini yadda zan yi. Ka gaida Latifa da yara.

Ƙanwarka,
Mahbuba

Ibadan, 16 ga Satumba

Mahbuba,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na gode. Ki gaida Lukmanu. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Kada hankalinki ya tashi, irin wannan nake gyarawa kullum. Ki bi abin da zan faɗa ɗaya bayan ɗaya, kada ki tsallake.

Ki juya allon, akwai murfi a baya. Ki buɗe ki cire batir biyun da ke ciki. Da damina sukan yi ruwa su bar wani farin gari a jikin ƙarfen da suke taɓawa. In kin gani, ki goge da tsohon buroshin haƙori, ki kankare da samfefa har ƙarfen ya yi haske. Ki bar allon ba batir kamar minti biyar, sannan ki sa sababbi. Na sa guda huɗu a cikin ambulan. Kada ki sayi na tebur, ba sa jimawa.

In ya kama amma lamba ba ta motsi, ki duba wata siririyar baƙar waya da ta fito daga gindin allon ta gangara zuwa wajen fankar da ke gaban injin. Ki zare bakinta, ki hura, ki mayar har ki ji ya ce ƙas. Na zana miki hotonta a bayan takardar nan.

Abu ɗaya nake so ki gaya mini. In ya sauko daga injin, yaya numfashinsa yake? Kuma yana shan maganin hawan jininsa, ko yana zubawa a ƙarƙashin tabarma kamar yadda yake yi da can?

Ki ci gaba da cewa Lukmanu ne. In ya san daga hannuna ya fito, zai sa a fitar da shi waje ruwa ya dake shi.

Yayanki,
Uzair

Illela, 27 ga Satumba

Yaya Uzair,

Assalamu alaikum, tare da fatan alheri. Allah ya saka maka.

Yadda ka faɗa haka na tarar. Batir ɗaya ya fashe, farin garin ya cinye ƙarfen. Na kankare, na sa sababbi, allon ya kama. Da Baba ya ji ƙarar kunnawa, da kansa ya dafa bango ya taso, bai jira na kama shi ba. Har Baraka maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayar mi ya faru, don ta ji shi yana kabbara.

Amma murnar ba ta kai azahar ba. Ya yi minti gomansa, na duba, ɗari takwas da sittin. Ya ce in sake dubawa. Na ce ai ya kwana biyu bai hau ba, jiki sai a hankali. Washegari ɗari takwas da goma. Jiya ɗari bakwai da arba'in. Ya ce allon ya haukace tun da na taɓa shi. Ya ce, "Ni na san ƙarhin da nis sa. Wanga abu ƙarya shi kai." Ya buga hannun injin a ƙasa har fentin ya ɓare.

Na zare wayar na mayar sau uku. Na leƙa cikin ragar fanka da tocila, na ga zanzaro ya yi gini a ciki, ɗan ɗaki na laka kamar kan yatsa. Ko shi ne yake rage lambar? Don Allah ka ce shi ne.

Ka tambayi numfashinsa. Yana haki, amma ai kowa ya yi aiki sai ya yi haki. Magani kuwa a hannuna yake sha, ina tsaye. Ƙafafunsa sun ɗan kumbura, takalminsa na zuwa masallaci ba ya shiga. Shi ya ce zama ne ya yi yawa.

Jiya da la'asar ina tankaɗe, na ji ya tambayi Lukmanu wa ya koya mini gyaran allo. Lukmanu ya ce wani mai gyaran rediyo ne a Kwanni. 

Ina jiran amsarka. A gaida mutan gida.

Mahbuba

Ibadan, 4 ga Oktoba

Mahbuba,

Salamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya.

Ginin zanzaro yana iya kawo matsala, in ya rufe ɗan abin da ke ƙirga juyawar fanka. Ki kwance noti huɗu na ragar, ki ɓamɓare lakar da tsinke, ki goge ko'ina da busasshen ƙyalle. Kada ki sa ruwa. Ki duba ɗan hannun da ke gefen raga, mai lamba ɗaya zuwa goma, ki tabbata yana kan uku yadda na aiko shi.

In kin gama, ga gwajin da zai raba gardama. Ki sa Lukmanu ya hau ya yi minti goma cif, da ƙarfinsa na yau da kullum. Kafin in ɗora injin a mota na gwada shi da kaina, na sami dubu biyu ba kaɗan. Ni da Lukmanu kusan sa'anni ne. In ya sami kusa da haka, allon lafiyarsa lau. Ku yi gwajin lokacin da Baba ba ya kusa.

Mahbuba, maganar kumburin ƙafar nan ba ta kwanta mini ba. Ina gyara injinan asibiti, ina jin abin da likitoci ke faɗa. Ki danna yatsa a ƙaurinsa, ki ga ko wurin zai lotsa ya daɗe bai ciko ba. Kafin ki sami amsar gwajin, ki rage masa zuwa minti biyar, ki ce likita ne ya ce.

Ki rubuto da motar farko.

Uzair

Illela, 15 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da jinkiri. Motoci biyu sun tashi ban ba da takarda ba, don na rasa ta inda zan fara.

Na cire ginin zanzaro, na goge komai. Ranar Juma'a da aka kai Baba masallaci, Lukmanu ya dawo da wuri ya hau. Dubu da ɗari tara da ashirin. Ya sauko yana share gumi, muka tsaya muna kallon allon. Washegari Baba ya hau, ya ƙi yarda da ragin, ya ce sai minti goma, amma bai kai ƙarshe ba, ɗari shida da talatin. Sai da na riƙe shi ya sauko. Leɓɓansa sun yi duhu. Na danna ƙaurinsa, yatsana ya bar rami.

Ya tambaye ni nawa. Na ce allon ya sake ɗaukewa. Ina faɗa ina zare wayar nan ta baya da hannun hagu, na cusa bakinta cikin ƙarfen inda ba ya gani. Yanzu allon yana kamawa amma sifili yake nunawa. Baba ya ce, "Ai na hwaɗa miki tun hwarko, abin banza na." Har ya ji daɗi, Yaya. Ya ci tuwo da yawa ranar, ya ce da allon na da gaskiya da tuni ya wuce dubu da ɗari biyar. Ya sa Lukmanu ya je ya share rumfa.

Na ce mu je Sakkwato a duba ƙafar. Ya ce wanda zai koma kasuwa mi zai kai shi asibiti. Ka ga inda ƙaryata ta kai ni. In na mayar da wayar, zan karya masa zuciya. In na bar ta, ba zai je asibiti ba. Kwana uku ke nan yana barci a zaune, in ya kwanta numfashi ba ya isarsa.

Shekara bakwai kana aiko da kaya da sunan wasu. Na gaji da ɗaukar wannan ni kaɗai. Ba zanen waya nake so ka aiko ba wannan karon, kai nake so ka zo.

Ƙanwarka,
Mahbuba

Ibadan, 21 ga Oktoba

Mahbuba,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki sau uku. Ban ga laifinki ba, da ni ne a wurin ban san abin da zan yi ba.

Amma kada ya sake hawa injin nan, ko da waya ko ba waya. Ina tsoron zuciyarsa ce take gazawa, ruwa ke taruwa a jikinsa. Wannan ba abin jira ba ne. Ki gaya masa gaskiya: allon ba ya ƙarya, ke kika zare wayar, Lukmanu ya gwada. In ya ga lambar da idonsa zai yarda ya je asibiti, kin san shi da lamba.

Kin ce in zo. Kina nan ranar da na ce ba zan zauna a rumfar atamfa ba, gyara nake so in koya. A gaban 'yan kasuwa ya ce kada in sake tako masa zaure. Da Umma ta rasu na zo, ya sa aka tsayar da ni a waje, a can na karɓi gaisuwa kamar baƙo. Ba fushi nake ba, wallahi. Tsoro nake kada ganina ya tayar masa da hawan jini, ya zama ni na ƙarasa shi. Kullum in na buɗe shago sai na duba ko Mukhtar ya iso.

Ki kai shi Sakkwato. Zan zo can in tsaya a bakin ƙofar asibiti, ko da ba zai gan ni ba.

Yayanki,
Uzair

Illela, 26 ga Oktoba

Uzairu,

Assalamu alaikum. Ni na, ubanka. Lukmanu ka rubutu, ni ka hwaɗi.

Mahbuba ta tai Tozai gaisuwar mutuwa, Mukhtar ya kawo takarda ya miƙa mini. Na buɗe, na karance ta duk. Kada ka yi mata hwaɗa, ni ma ban yi ba.

Na lalubo wayar na maida da hannuna. Ka hana in hau, amma na hau. Minti huɗu niy yi, ɗari biyu da goma. Na gani. Na ce a ruhe rumhwa.

Gobe za su kai ni Sakkwato. Ban san ko ni dawo ba. Maganar da niy yi kasuwa, na janye ta, Allah shi na shaida. Ranar rasuwar uwarka ban kyauta ba, ka yahe mini.

Kada ka tsaya bakin ƙohwa. Ka shigo ciki, ka tambayi gadon Alhaji Hamidu na Illela. In ka samu mota yau, kada ka jira ta gobe.

Allah shi yi maka albarka.

Babanka