Batirin Na'urar Inna

Litinin, 3 ga Maris
Aikin farko: duba na'urar Inna.

'Yar na'urar sauraron waƙa ce ta marigayi Baba, ba ta kai tafin hannu ba. Wata rana yana ɗinki ya danna wajen ɗaukar murya bai sani ba, ta ɗauki minti arba'in da bakwai. Tunda idon Inna ya yi rauni, wannan muryar tasa ce abokiyar hirarta. Yanzu ko azahar batirin ba ya kaiwa. Idan ya mutu gaba ɗaya, ban san ko muryar za ta tsira ba.

Talata, 4 ga Maris
Na rage hasken fuskar na'urar, na canja caja, na goge bakin cajin da tsinken ashana. Na cika ta ƙarfe bakwai. Sha biyu da kwata ta mutu. Wataƙila ni ne ban iya ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na kai wa mai gyara. Ya jujjuya ta, ya ce, "Malam, wannan ai sa'ar kakata ce." Bayanta ya fara kumbura. Ba ta da katin ajiya, komai a cikinta yake, ga bakin da ake haɗa ta da kwamfuta ya sassauta. Zai nemo batir nan da sati biyu. Kafin nan kada a bari ta riƙa mutuwa ƙurmus, shi ke cinye batir.

Ya ce a kunna ya ji sautin. Na ce sauri nake. Ba sauri nake ba. Shekara biyu ke nan ban saurara ba, layukan batir kawai nake kallo.

Asabar, 8 ga Maris
Na yini a ɗakin Inna da agogo da biro. Ashe ba ta kashewa! Ko za ta yi alwala sai ta ajiye ta kan matashi tana ta magana. Na ce, "Inna, ga madannin nan, ki riƙa kashewa."

Ta ce, "Kai, ubanka yana magana in katse shi? Shekara arba'in ban yi ba, sai yau? Idan ya gama na kashe."

"To yaushe yake gamawa?"

"Shi ne nake mamaki. Ba ya gamawa."

Lahadi, 9 ga Maris
Laifina ne. Bara na saita ta ta riƙa maimaitawa, don kada Inna ta sha wahalar lalubar madanni. Ni na hana Baba yin shiru.

Litinin, 10 ga Maris
Na cire maimaitawar. Amma sai na tabbatar tana tsayawa da kanta, wato sai na saurara har ƙarshe. Na so in bar wa ƙanwata Auta, ta ce, "Yaya, kai ne injiniyan gidan, kar ka sa ni."

Ƙarar keken ɗinki. Tarinsa. Yana neman almakashi alhali yana aljihunsa, Inna tana masa dariya. Wajen minti na arba'in Inna ta ce masa wannan na'ura ba za ta daɗe ba. Ya ce, "Ki ba babban yaron nan. Yana da nawa, amma abu ba ya lalacewa a hannunsa."

Bai taɓa faɗa mini ba.

Na'urar ta tsaya da kanta. Inna ta ce, "Ikon Allah. Yau dai ya yi shiru ba a roƙe shi ba."

Laraba, 12 ga Maris
Batir ya kai magariba da layi biyu. Na zauna na sake saurara tare da Inna, don gwaji kawai.

Na gobe:
- leƙa mai gyara
- nemo wayar da za ta kama bakin, a kwafe muryar
- gaya wa Auta kar a yi caji a ƙarƙashin matashi
- gwaji, bayan la'asar. Kar in kashe sai ya gama.