Wayar da Na Ɗaura a Famfo

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya iyali, ya ƙafar taka? Mu dai hankalinmu a tashe yake.

Akwatin gem ɗin nan mai aiki da lantarki da na ƙera wa autata Safiya don wasa ne ya jawo. Ka ce in binne ƙarfe in ɗaura masa wayar ƙasa mai hana jan wuta, son jiki ya sa na ɗaura ta a famfo. Ashe bututun na roba ne. Shekaranjiya ta gama alwala, ba takalmi, tana kama sandar sarrafa wasan, wutar lantarki ta ja ta ta yar da ita.

Ta tashi, alhamdu lillahi. Ka gaida Anti Rabi, ka sa mu a addu'a. Yanzu ko kofin silba na miƙa mata, sai ta dube ni ta noƙe hannu.

Ƙaninka,
Isiyaku