Ƙorafi Kan Tuhumar Dariya a Ranar Bonas

Zuwa ga:
Mai Girma Shugabar Sashen Kula da Ma'aikata,
Babban Ofishin Bankin Zuba Jari,
Hawa na Ashirin.

Daga:
Ƙaramin Jami'in Nazarin Kamfanoni,
Tebur na kusa da firinta, Hawa na Sha Huɗu.

Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: TAKARDAR TUHUMA DA AKA BA MAI ƘORAFI BISA LAIFIN DARIYA, DA DAKATAR DA ƘARIN GIRMANSA

Bayan gaisuwar ban girma da fatan alheri, mai wannan ƙorafi, wanda ya shekara shida yana yi wa bankin nan hidima ba a taɓa kama shi da ko murmushi a bakin aiki ba, yana neman izinin gabatar da kokensa.

1. Shugaba ta san al'adar ranar sanar da bonas, wato ladan ƙarshen shekara, duk da cewa ba a rubuta ta a kundin dokoki ba. Ana kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗakin gilashi. Babban Darakta ya faɗa wa mutum rabonsa, mutum ya gyaɗa kai, ya fito a murtuke kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ko abin sayen gida aka ba shi, fuskar shanu zai yi. In ya nuna jin daɗi baɗi a rage masa, kuma duk masu leƙe ta bayan kwamfuta su gane ya fi su. Dogo, maƙwabcin teburin mai ƙorafi, shi ya koya masa wannan fanni a gaban madubin banɗaki tun shekararsa ta farko: a cije leɓe, a tuna cunkoson motoci. Mai ƙorafi ya ƙware har sababbin ɗauka suna zuwa ɗaukar darasi a wurinsa.

2. Mai ƙorafi da uwargidansa sun shekara goma sha ɗaya da aure, Allah bai ba su rabo ba sai bana, kuma 'yan biyu ne. Likita ya ja musu kunne cewa ɗayan ya cika ƙanƙanta, kada su sa rai a kansa sosai. Ranar Laraba, 5 ga wata, aka kwantar da ita za a yi mata aiki washegari. Mai ƙorafi ya nemi izinin kwana ɗaya. Babban Darakta ya amsa masa cewa duk wanda ba ya kan kujerarsa ranar bonas ya nuna ba ya bukata, kuma ai likita ne zai yi aikin, ba jami'in nazari ba. Don haka ya bar yayarsa a asibiti, ya sa kwat, ya zo ofis.

3. Ranar Alhamis, 6 ga wata, aka kira shi ɗakin gilashi. Yana zama wayarsa ta yi haske a kan tebur. Yayarsa ce ta turo hoto: jaririya ɗaya, ja-wur, a naɗe cikin tawul. Ranki ya daɗe, ya daure. Ya cije leɓe, ya tuna cunkoson motoci, ya ci gaba da kallon bakin Darakta, zuciyarsa kuwa tana tambayar ina ɗayar. Darakta ya faɗi adadin, wanda mai ƙorafi ba zai ambata ba saboda doka, sai dai yana tabbatar wa Shugaba cewa bai kai a buɗe masa haƙori ɗaya ba. Daidai nan wayar ta sake haske. Su biyu ne a jere, 'yar ƙaramar ta wangale baki tana tsala kuka, yaya kuma ta rubuta a ƙasa cewa wannan da aka ce kada a sa mata rai ita ce ta cika ɗakin da ihu.

Abin da ya biyo baya mai ƙorafi ba ya tuna shi duka, amma ba zai musa ba tunda akwai kyamara. An ce ya fashe da dariya har da hawaye. An ce ya kama hannun Darakta da hannu biyu yana jijjigawa yana sa masa albarka, shi da iyayensa. An ce ya fito baki har kunne, ya rungumi Dogo, ya rungumi tulun ruwan sanyi, ya ɗan taka rawa a bakin lif. Rawar dai yana tuna ta, kuma a ganinsa ba ta yi muni ba. Da zai nufi asibiti, kwat ɗinsa ya bari a rataye jikin kujera, wanda bisa wata al'adar ta hawanmu yana nufin mai shi yana nan bakin aiki.

4. Kafin azahar duk hawa na sha huɗu ya yanke hukunci cewa mai ƙorafi ne ya kwashe kaso mafi tsoka. Manyan jami'ai uku suka shiga wa Darakta da barazanar ajiye aiki. Dogo ya juya masa ƙeya. Wani dillalin motoci ya kira shi yana ce masa ranka ya daɗe. Ranar Juma'a, 7 ga wata, aka miƙa masa takardar tuhuma bisa bayyana sirrin albashi ta hanyar yanayin fuska, da ta da hankalin abokan aiki. Aka dakatar da ƙarin girman da ya yi shekara uku yana jira, aka ce ya bayyana gaban kwamitin ladabtarwa ranar Laraba, 12 ga wata, kuma ya zo da fuskar da ta dace da martabar banki. Ya so ya yi bayani, Darakta ya ce ya adana shi sai gaban kwamiti. Larabar nan ita ce ranar da asibiti zai sallami uwargida da yaran.

5. Mai ƙorafi ya gwada neman waccan fuskar, Allah ne shaida. Ya koma gaban madubin banɗaki, ya cije leɓe, ya tuna cunkoson motoci, ya tuna adadin bonas ɗin kansa. Da ya fara haɗe gira sai bakin 'yar ƙaramar ya faɗo masa, shi ke nan aiki ya lalace. Jiya ma a layin biyan kuɗin magani aka ga yana dariya shi kaɗai, wata tsohuwa ta matsa gefe da jakarta.

Ranki ya daɗe, a yi min izini in ajiye "mai ƙorafi" in yi magana da bakina. Ba a ɗakin gilashi kaɗai na yi fuskar shanu ba. Na yi ta duk lokacin da dangi suka tambaye ni har yanzu shiru. Na yi ta ana zagayawa da hotunan 'ya'yan abokan aiki tebur-tebur. Na yi ta ina tsaye bakin kicin, matata tana kuka a ciki ta ce albasa ce. Shekara goma sha ɗaya ina cin wannan fuska, ranar Alhamis ta ƙare ƙaf, kuma ban san inda ake sayar da wata ba.

Bisa haka nake roƙon Shugaba cikin ladabi da ta janye takardar tuhumar, ta mayar min da ƙarin girmana. Ina roƙon a umarci Babban Darakta ya shaida wa hawa na sha huɗu cewa rabona bai fi na kowa ba, ko Dogo ya dawo yana amsa gaisuwata. Ina kuma roƙon a ɗage zaman kwamiti zuwa wata rana. Idan ba zai ɗagu ba, kwat ɗina yana nan jikin kujera, fuskarsa a ɗaure take, kwamiti yana iya ganawa da shi. Ni dai ranar Laraba ina asibiti. Ba na nan sa'ad da suka zo duniya, ranar da za su shiga gida kuwa ni zan buɗe musu ƙofa, ko da kujerata za ta tafi.

Na haɗa da hotuna biyun a matsayin hujja. Ina ba Shugaba shawara ta rufe ƙofar ofishinta kafin ta duba na biyun, kada ita ma a ba ta takarda.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamanin Shugaba.

Naki cikin biyayya da ladabi,

(sa hannu)
Ƙaramin Jami'in Nazarin Kamfanoni,
Baban 'Yan Biyu.