Allurar Na'Allah da ƙwayoyin Atu

Tambuwal,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga Yaya Dawuda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Allah ya tsare ka, ya sa albarka a nema. Ranar Juma'a na je gida Fakku, na tarar da kowa lafiya, gero ya yi kyau, mahaifiyarmu Goggo ma ƙafarta ta yi sauƙi.

Yaya, kada hankalinka ya tashi, amma ɗiyarka Atu ta yi zawo mai tsanani makon jiya, har idanunta suka faɗa. Na kai wa uwarta Ummulkulsum ruwan gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zinki. Na nuna mata yadda za ta narka ƙwaya ɗaya a cokali da nono, kullum, har kwana goma. Ba ra'ayina ba ne, abin da aka koya mana ke nan a makarantar lafiya: yana rage tsawon zawon, kuma in an cika kwanakin yana kare yaro wata biyu zuwa uku.

A kwana na fuɗu, da yarinya ta fara tsayawa har tana cin fate, sai ga Na'Allah. Ka san shi, mai yawo da kwalin magani bayan babur, kwalin da rana ta gasa har rubutun kwalaben ya goge. Mutumin da ko sunan abin da yake sayarwa bai iya karantawa, wai shi ake kira likita! Ya dubi ƙwayoyin, ya ce wa Goggo ai maganin da ba ya zafi ba magani ba ne, kuma wannan zawon haƙori ne. Ya soka wa Atu allura. Na tambayi Goggo ta mece ce, ta ce ruwanta dai ja ne. Washegari zawo ya tsaya, kamar yadda dama zai tsaya, yanzu gida duka ana sa wa Na'Allah albarka. Goggo ta ɗaure sauran ƙwayoyin a bakin zane, ta ce an gama. Da na yi magana, ta ce jiya-jiya ta gama goya ni. Ummulkulsum ta yarda da ni, amma ba za ta iya ƙetare maganar surukarta ba.

Abin da nake roƙo ɗaya ne. Ka kira wayar Bube maƙwabcinmu, ka ce wa Goggo da bakinka a ba Atu sauran maganinta, kuma kada a sake yi mata allura. Yarinyar ta rame, ina tsoron zawon ya dawo a wannan damina. Taka maganar Goggo za ta ji, tawa kuwa ta yara ce.

In ta ce Na'Allah ya fi sani, ka gaya mata wannan. Ranar Litinin na ga matarsa Maimuna a layin asibitinmu na nan Tambuwal, ta ja mayafi har hanci, ɗansu na zawo. Ta yi wannan doguwar tafiya don kada a gan ta a gida. Na tambaye ta ko an yi masa allura, ta ce uban ya hana. Ni na miƙa mata zinki da hannuna.

Ka gaishe da Kawu Arzika da iyalinsa, da Almu. Goggo da Ummulkulsum suna gaishe ka.

Ƙanwarka mai jiran kiranka,
Hindatu