Tudun da Baba Ya Yi wa Kifi

Yaya Mamman,

Sallama da gaisuwa. Ina gajiya, ina sanyin can? Ina Falmata da yara? Mu nan Zango lafiya, sai dai Baba.

Akwatin gilashin kiwon kifi da ka aiko ya iso, har da jan kifinsa. Kafin a saka jan kifin, Baba ya ce shi zai tsara cikin. Ya ja yashi ya yi dogon tudu, ya kafa dutse ta kai, ya dasa ciyawar ruwa a kewaye. Na ce, "Baba, ai wannan kamar kabari." Bai yi dariya ba. Ya ce, "In ciyawar ta kama, ke za ki riƙa datse ta."

Tun ranar nan cin abincin Baba ya ragu. Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. In da hali ka zo, kada ka jira Salla.

Ƙanwarka,
Zara